Takwarorin Mista Dugal

Aikin tuƙi aka yi mini alkawari, aikin gadi na tarar. Ejan ɗin da ya yi mana hanya a Kano har hoton mota ya nuna mini a waya, fara sol, ya ce ita zan riƙa ja a Doha. Da muka sauka aka kwashe mu a bas zuwa Sana'iyya, unguwar masana'antu da ke bayan gari, aka miƙo mini kaki da takalmi mai nauyi kamar an ɗaura mini bulo, aka ce gobe in tsaya a ƙofar wani fili da ake haƙa. Na tambayi wakilin kamfani ina maganar mota. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce "khalas". Ita ce kalmar da na fara koya a ƙasar, ma'anarta magana ta ƙare. Lambar ejan kuwa tun daga ranar ba ta sake shiga ba.

Shekara guda da wata huɗu na yi a ƙofar nan. Mu da muke kukan zafin bazara a Funtuwa ashe shagwaɓa muke yi. A can iska ma dafaffiya ce, kana tsaye gumi yana gangara cikin takalmi har ka ji ƙafarka tana iyo. Mu takwas ne a ɗaki, daga ƙasa biyar, kowa da warin girkinsa da irin minsharinsa. Akwai wani ɗan Nepal da muke gadi tare. Ba musulmi ba ne, amma da ya ji kiran salla sai ya karɓi sandata ya nuna mini hanyar masallaci da haɓa. Ba mu taɓa yin hirar da ta wuce kalma biyar ba, har yau kuma ina tuna shi da alheri.

Ranar Juma'a nake kiran gida. Gidan namu ba shi da yawa: mahaifiyata Inna, matata Rabi, 'yan mata biyu, Zainabu da Hauwa, sai yaron. Shi ne ɗan fari, kuma sunan marigayi mahaifina ya ci, kunya biyu ke nan ta haɗu a kan mutum ɗaya. Tun da aka yaye shi Inna ta ɗauke abinta. Ita Maigida take ce masa, tana tsokanarsa wai bai ajiye kuɗin cefane ba. Sauran jama'a Abba suke kiransa. Ni ko Abban ban iya ba. In ina son ruwa sai in ce "kai", in ina maganarsa sai in ce "yaron nan". Haka mahaifina ya yi mini, haka na ga mutanen kirki suna yi, ban taɓa ɗaukar abin da wani nauyi ba. In an ba shi waya ya ce, "Baba ina wuni," sai in ce lafiya, ya karatu, ba ni Inna. Zainabu kuwa sai mu ƙarar da kati tana ba ni labarin akuyarta.

A masallacin Juma'a na haɗu da Alhaji Masa'udu. Ina neman takalmina ina mita da Hausa, sai na ji an ce daga bayana, "Ɗan'uwa, wanda ya ɗauka ya fi ka bukata." Mutumin Zangon Kumasi ne, dattijo mai tumbi da dariya, ya fi shekara goma sha biyar a Doha. Hausarsa ta ba ni dariya tun ranar farko, don shi mace da namiji duk "ya" ne, matarsa ma cewa yake "ya haihu". Shi ne shugaban direbobi a wani kamfani da ke ba da hayar mota haɗe da direba. Shi ya tsaya mini na sami lasin ƙasar bayan na faɗi gwaji sau biyu, shi ya yi ta zirga-zirga har aka mayar da ni hannun sabon kafil, wato wanda biza take ƙarƙashinsa. Ya kuma samo mini gado a unguwar Nu'aija, a wani tsohon gida da aka yanka ɗaki-ɗaki da katako, mu Hausawa zalla. Ranar da ake ƙwallo a filin da ke kusa, ihun 'yan kallo har cikin tukunyar tuwonmu.

Mutumin da aka ware mini in riƙa tuƙawa shi ne Mista Dugal. Sunan zuriyarsa ba zan rubuta ba saboda iyalinsa, da ma harshena bai taɓa daidaita a kansa ba. Tsoho ne ja wur, girarsa kamar tsintsiya, injiniyan magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa. Ranar farko na buɗe masa ƙofar baya, ya zagayo ya zauna kusa da ni ya ce shi ba buhu ba ne. Turancinsa sai da na yi wata biyu kafin na fara tsintar rabi. Da na yi kuskuren ce masa Baturen Ingila, ya buga gaban mota har na taka birki. Ya ce shi ɗan Sikotlan ne, in sake haɗa shi da maƙwabta zai sauka ya hau bas.

Abokan aikinsa suna zaune a dogayen benaye a bakin teku, shi kuwa a tsohuwar unguwar da ake kira Matar Ƙadim yake, a wani ɗan bene saman kanti, cikin Indiyawa da Misirawa da yaransu. Ya ce ya fi son inda ake shanya kaya a taga. Kowace safiya sai mun tsaya gaban mai shayi, in danna oda, a kawo mana karak kofi biyu, shayin nan mai kauri da madara da kanumfari. Daga nan sai ofis a Mushairib. Rowa yana da ita daidai gwargwado, ledar burodi ma wankewa yake ya shanya. Amma bai taɓa shan shayi ya bar ni ina kallo ba.

Yana da wani koren fayil da ba ya rabuwa da shi. Na ɗauka takardun aiki ne, ashe takwarorinsa ne a ciki. Shekara da shekaru yana farautar duk mutumin da ya taɓa ɗaukar sunansa da na zuriyarsa a haɗe ya kuma yi abin a zo a gani, kowa da shafinsa: inda aka haife shi, sana'arsa, yadda ya ƙare. Ya ce a tsaunukansu sunaye kaɗan ne, kaka ya ba uba, uba ya ba ɗa, talauci kuma ya watsa su duniya, shi ya sa ko'ina ka je sai ka tarar da wani Dugal ya riga ka. So yake in ya ajiye aiki ya buga su littafi.

A cunkoson hanya na san su ɗaya bayan ɗaya, har na fi sanin su a kan wasu dangina. Akwai kyaftin ɗin jirgin ruwa da ya ƙi barin jirginsa sai da kowa ya fita. Akwai likitan da ya ƙare rayuwarsa cikin kutare a Indiya. Akwai alƙali a Kanada, wanda Mista Dugal ba ya so, ya ce mugu ne amma dole a sa shi tun da sunan nasa ne. Akwai ɗan ƙwallo mai ƙafar hagu da giya ta cinye, da wani mai busa algaitarsu ta jaka a gaban sojoji, wanda na ce masa wannan kam da a garinmu yake da ya sami aiki. Duk wanda zai ba ni labarinsa sai ya kira cikakken sunan da ƙarfi, sunan ubansa da kakansa ke nan, ba ko ɗar. Ina jin abin wani iri, kamar mutum ya shiga masallaci da takalmi.

Wanda ya fi kama ni shi ne Dugal na layin dogo. Saurayi ne da ya zo ƙasarmu zamanin Turawa yana awon hanyar jirgi, zazzaɓi ya kashe shi a wajen Zungeru kafin jirgin farko ya wuce. Na gaya masa mahaifina ma a reluwe ya ƙare aikinsa, yana bin dogo da guduma yana ɗaure ƙusoshi tsakanin Funtuwa da Gusau. Tsohon ya yi murna kamar an ba shi kyauta, ya zaro biro ya tambayi sunan mahaifin nawa. Na ce Malam. Ya rubuta Malam a gefen shafi, na kawar da kai ina dariya a ciki. Ko fasfo ɗina ba zai taimake shi ba, don sunan garinmu ne a madadin na uba.

A ranar ce ya tambaye ni 'ya'yana nawa. Na ce biyu, mata, na faɗi sunayensu, na nuna masa hoto. Ban ji na yi ƙarya ba. A wurinmu wa yake ƙirga ɗan fari a gaban mutane? Na Inna ne. Daga nan kullum sai ya tambayi Zainabu da Hauwa, da ya je hutu ma ya kawo musu hulunan ulu, abin da ba su da inda za su sa shi.

Shafin ƙarshe na fayil ɗin suna ne kawai a sama, ƙasa fari fat. Na daɗe ina ganinsa kafin wata rana, muna jiran danja, ya ce mini ɗansa ne. Shi kaɗai ya haifa. Yana da shekara ashirin da uku babur ya kashe shi a hanyar zuwa wurin aikin da ya fara bai fi wata guda ba. Matarsa ba ta daɗe ba ta bi shi. Ya ce ya rubuta tarihin mutum arba'in da bai taɓa gani ba, amma ya kasa rubuta layi ɗaya a kan wanda ya goya a wuya. Ya ce duk safiya in ya tashi sai ya kira sunan sau ɗaya a cikin ɗaki, don kada gidan ya manta. Na yi masa ta'aziyya irin tamu. A raina kuwa na ce Turawa ba su da ta ido, namiji da furfura yana kiran sunan ɗan fari yana share hawaye a gaban direba.

Ina cikin shekara ta uku da shi Inna ta kira ni ranar da ba Juma'a ba. Ta ce Maigidanta ba lafiya, zazzaɓi ne ya ƙi sauka mako biyu, yanzu cikinsa ya kumbura, an kai shi asibiti. Kashegari Rabi ta ce likita ya ce taifot ne ya huda hanji, an shiga da shi tiyata. Ita ma ba ta kira shi da komai ba, "an shiga da shi" kawai ta ce. Shekararsa goma sha shida. Rabon da in gan shi tun yana goma sha huɗu, da na je hutu, shi ya ɗauko mini jaka daga tasha, muka yi tafiyar nan har gida ban ce masa komai ba sai "yi a hankali da ita".

Dokar kamfaninmu ita ce direban da aka ware wa mutum ɗaya ba ya tafiya sai mutumin ya sa hannu. Na karɓi takardar wurin Alhaji Masa'udu na kai wa Mista Dugal da safe, muna shan karak. Lokacin ya zo a karkace. Saura kwana tara a yi masa aikin ido, yanar da ta rufe masa na dama, kuma yana tsoron aikin kamar yaro. Ya riƙe takardar nesa da fuska yana karantawa, ya tambaya wa ba shi da lafiya.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Wani yaro ne da ke hannun mahaifiyata."

Ya tambaya ko Zainabu da Hauwa lafiya, na ce lafiya lau. Ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce yana jin nauyin roƙona, amma ba shi da kowa a garin nan, bayan aikin ba zai iya gani sosai ba, kuma bai yarda da wani direba ya riƙe masa hannu a matakala ba. Ko zan ba shi kwana goma sha biyu? Bayan nan in tafi wata guda, shi zai sayi tikitin. Har ya ce in turo takardun asibitin ya nuna wa wani likita abokinsa. Na ce to.

Alhaji Masa'udu da ya ji, sai da ya ajiye cokali. Ya ce, "Habibu, kai mahaukaci ne? Ka faɗa mishi ɗanka ne. Mutumin nan ya binne ɗa, da kanshi zai kai ka filin jirgi." Ya ce su a Zango sun daɗe da sauke wannan kaya, ɗansa na fari a kafaɗa yake yawo da shi kasuwa. Ya ce in ba zan iya ba shi zai faɗa. Na hana shi, har da haɗa shi da Allah. Shekara biyu ina cewa biyu, yau in koma in ce uku, da wane ido tsohon zai dube ni? Kuma labari daga gida ya fara daɗi, an ce tiyata ta yi kyau, ya sha kunu. Na ce wa kaina kwana goma sha biyu kamar gobe ne. Kowace safiya ina niyyar faɗa, kowace safiya shayi ya ƙare ban faɗa ba.

A kwana na shida Inna ta kira ta ce yana son magana da ni, ta kara masa wayar a kunne. Muryar ta yi siriri har na ɗauka Hauwa ce.

"Baba, yaushe za ka zo?"

"Saura mako guda."

Ina jin numfashinsa. Ya ce, "To."

Akwai maganganu cike da bakina. Na ce, "Ka riƙa shan magani. Ba ni Inna."

Ranar aikin ido na kai Mista Dugal asibiti da safe, na riƙe masa tabarau da koren fayil, na koma mota ina jira. Wajen sha biyun rana waya ta yi ƙara. Ƙanin Rabi ne. Da na ji ya fara da sallama mai tsawo na san me ke nan. Ɗinkin ne ya buɗe ta ciki, kafin a sake shiga da shi rai ya yi halinsa. Ya ce za a yi sutura bayan azahar, ba za a iya jira ba, ni ma na san ba a jira. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ce Allah ya ba mu haƙuri, kamar ni ne na zo gaisuwa. Na kashe waya na zauna ina kallon sitiyari.

Da la'asar aka sallamo Mista Dugal, ido ɗaya a naɗe da auduga. Na riƙe hannunsa har mota. Yana cikin farin ciki, tsoro ya wuce, sai zuba yake. Ya ce da idon ya warke zai gama littafin, ya shiga ba ni labarin wani sabon takwara da ya gano, mai gina fitilun da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Doha tana gaban gida da awa biyu. Na duba agogon mota na lissafa, daidai lokacin ake jera sahu a ƙofar gidanmu. Ana sallar ɗana ina tsaye a danja a hanyar Matar Ƙadim, ina cewa "haka ne, ranka ya daɗe". Na hau da shi bene, na ɗiga masa magani, na dafa masa shayi, na ja masa ƙofa. A matakala na zauna har mai shara ya zo ya tashe ni.

Kashegari ban fita ba. Alhaji Masa'udu ya tura wani direba, ya kuma tara 'yan'uwa a gidanmu na Nu'aija, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ƙarƙashin rumfar kwano, masu gadi da direbobi suna shigowa da kakinsu, a yi addu'a a shafa, su koma bakin aiki. Wajen hantsi sai ga tsohon a ƙofa, da audugarsa a ido, direban yana riƙe da gwiwar hannunsa. Ashe da aka ce masa an yi mini rasuwa ya ce sai an kawo shi. Ya cire takalmi ba wanda ya gaya masa. Ya ce ya ji yaron da ke wurin mahaifiyata ya rasu, ya yi baƙin ciki, ɗan wane ne a cikin dangi?

Alhaji Masa'udu ya dube ni, ya ga ba zan amsa ba, ya ce masa da Turanci, "Ɗansa ne. Na fari."

Ban taɓa ganin fuska ta mutu a tsaye ba sai ranar. Jan nan nasa ya zuke. Ya dafa bango, ya sulale ya zauna a kan tabarma, mutumin da gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Alhaji ya shiga yi masa bayanin al'ada, yana cewa haka mutanen Najeriya suke, ba ƙi ba ne, kunya ce. Tsohon bai ko dube shi ba, ni yake kallo da ido ɗaya, ruwa yana fita har ta ƙarƙashin audugar, ga shi likita ya hana shi kuka.

Ya ce, "Na riƙe ka saboda ido. Ido ɗaya, Habibu. Me ya sa ka bar ni na yi haka?"

Na ce ba laifinsa ba ne, kwana ne ya ƙare. Gaskiya ce, ko na je ba zan ƙara wa yaron minti ba. Amma da ya ga fuskata. Wannan ni na hana shi, ba tsohon ba, ba kamfani ba, ba ejan ɗin Kano ba.

Can tsohon ya tambaye ni sunan yaron. Duk wanda ke tsakar gidan ya san abin da aka tambaye ni. Shekara goma sha shida sunan yana bakina. Ni na raɗa masa shi a kunne ranar da ya zo duniya, tun daga ranar ban sake ba.

Na ce, "Sulaimanu."

Ya maimaita a hankali har sau biyu don ya daidaita. Sai a lokacin kuka ya zo mini, irin wanda ban yi ba ko a mutuwar mahaifina. Ba wanda ya ce in yi shiru.

Da na lafa ya tambaya me yaron yake so ya zama, me yake yi da hannunsa. Nan ne na ji kunya ta gaske, ba irin wadda na saba ba. Ban sani ba. Na san ajinsa, na san lambar takalminsa don ni nake aikawa, ban san komai bayan wannan ba. Na kira Inna a gabansa na tambaye ta. Ta ce ashe ban sani ba? Duk fitilar sola da ta lalace a unguwa wurinsa ake kawowa. Tsohuwar rediyon Malam da ta shekara goma a mace shi ya tashe ta. Ya haɗa mata fanka da batirin babur saboda zafi, tana kanta yanzu haka tana juyawa. Ta ce yana tara wasu wayoyi a kwali, wai in na dawo zai sa wa ɗakina wuta ya ba ni mamaki. Ina fassara wa tsohon, yana rubutawa a bayan takardar maganinsa, haruffa manya-manya saboda ba ya gani.

Kwana biyu bayan nan na tafi gida. Shi ya raka ni filin jirgi, a kujerar baya wannan karon, kusa da ni. Na tarar da kabari da ƙasa ɗanya, da kwalin wayoyi a ƙarƙashin gadon Inna. Da na koma Doha bayan wata guda tsohon ya riga ya ajiye aiki ya tafi. Alhaji Masa'udu ya ce tun ranar bai sake shan karak ba. Na ƙarasa kwantiragina ina tuƙa wasu mutane masu zama a baya, na tattara na dawo Funtuwa. Yanzu ina jan motar haya tsakanin nan da Zariya.

Bara, bayan sallar layya, wani ɗan garinmu da ya zo hutu ya kawo mini saƙo daga hannun Alhaji. Ɗan littafi ne mai koren bango, ba wasiƙa a ciki. Na zauna a tsakar gida ina buɗawa, Inna tana kan tabarma tana tsince wake, Rabi tana bakin murhu. Ga kyaftin, ga likita, ga mugun alƙali, ga na Zungeru da "Malam" a ƙasan shafinsa. Shafin ɗansa ya cika har ya juya baya. Bayansa kuma akwai wani shafi guda, shi kaɗai ne a littafin ba Dugal ba. Layi shida ne. An rubuta garin da aka haife shi, da fitilu, da rediyo, da fanka. A wurin sana'a an sa injiniya.

Inna ta tambaya me ya sa na yi shiru. Na ce Baturen nan ne ya sa Maigidanta a littafi. Ta ce in karanta mata. Na fara daga layi na biyu, ta ce a'a, daga sama. Inna ta yi shekara hamsin ba ta furta sunan nan ba, na mijinta ne kafin ya zama na jikanta, ko maƙwabci mai irinsa sai ta sake masa wani. Na dubi Rabi, ta sunkuyar da kai. Na karanta sunan da ƙarfi a tsakar gidan da aka haife shi. Rabi ta tashi ta shige ɗaki, ta bar tuwo a wuta.

Inna ta ture faifan wake gefe, ta gyara zama.

Ta ce, "Sake faɗa."